Ƙofar da Yaya Ya Yanke

Shafi na 17

Jama'a ku sassauta min, wallahi wayata ta kusa kama wuta da saƙonninku. Wata baiwar Allah har cewa ta yi in ban saka shafin yau ba za ta biyo ni gida ta tare. Ki zo mana, dama wanki ya taru. Masu zagin Yaya kuma ku ɗan ja birki, ku ji ta bakinsa tukuna.

Ga waɗanda yau suka shigo mana. Auta 'yar shekara sha biyar ce, tana da lalurar da likitoci ke kira otizim. Maganarta kaɗan ce, ba ta kallon fuskar mutum, ƙara kuma tana firgita ta. Amma miƙa mata alƙalamin zane da kwamfutar hannu, wadda 'yan gidan ke ce wa allo, ka sha mamaki. Cibiyar da ke koya wa yara irinta zane ce ta ba ta aron allon, a kansa Auta ta haɗa ɗan fim ɗin katun da za a nuna wa iyaye ranar Asabar. Yayanta, mai tace bidiyon biki a wani shago, ya ɗauki allon ba da saninta ba ya je ya "gyara" mata fim ɗin. Tun da ta gani ta kife allon ta rufe kanta a ɗaki. Mun tsaya inda malamarta ta yi sallama.

Mama ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk kumfar wanke-wanke.

"Malama! Ke ce da kanki? Shigo, sannu da zuwa."

Malama ta cire takalmi ta jera a gefe. Ko gaisuwar ba ta bari ta yi tsawo ba.

"Mama, ta ci abinci?"

"Sai na ajiye a bakin ƙofa na bar wurin. In na dawo in tarar da kwanon a waje, ta ɗan tsakura."

"Allon fa?"

"Da safe da na shiga kwaso wanki na gan shi kan tebur a kife. Malama, ni ba abincin ne ya fi tayar min da hankali ba. Yarinyar nan ko a bayan takardar magani sai ta yi zane. Tun ranar ko layi ɗaya ba ta ja ba."

Muryar Mama ta karye. Ta goge ido da bayan hannu, kumfa ta shiga, ta ƙara gogewa da gefen mayafi tana tsaki.

Yaya na falo a hannun kujera. Kowa a gidan Yaya yake ce masa, har iyayen da suka haife shi. Yana ganin Malama ya miƙe, ya gaishe ta yana sosa ƙeya.

"Malama, na san abin da ya kawo ki. Amma don Allah kafin ki yanke min hukunci, ki kalli aikin."

"Nuna min."

Ya danna wayarsa ya miƙa mata. Kiɗa ya tashi, irin wanda ake sa wa shigowar amarya. Harufa masu ƙyalƙyali suka juyo daga sama. Sai ga zanen Auta yana wucewa fit, fit, fit.

Fim ɗin Auta duk ƙafafu ne. Tunda ba ta ɗaga kai ta kalli fuska, da ƙafa take sanin mutane, kuma da ƙafa ta zana su. Ga silifas ɗin Mama mai allurar maƙalawa a inda ya tsinke, yana kai da komo tsakanin kicin da falo. Ga farin kambas ɗin Yaya da yake wanke wa da buroshin haƙori. Ga ƙafar maƙwabciya da kullum take shigowa aron ashana ta ƙi tafiya. Ko ba a faɗa maka ba za ka gane kowa, har ka yi dariya.

Malama ta kalla har ƙarshe, ta mayar masa da wayar.

"Ya yi kyau."

Fuskar Yaya ta washe. "Kin gani ko Mama!"

"Ya yi kyau, amma ba nata ba ne."

"Haba Malama, zanenta ne fa, ko ɗigo ban ƙara ba! Sautin kawai na wanke, akwai datti da yawa. Na sa kiɗa, na rage masa jan jiki. Kwana biyu ina kai, abincin rana ma ban ci ba. Aikin da nake cajin mutane a kai, na yi wa ƙanwata kyauta, shi ne na zama mugu?"

"Ban ce kai mugu ba ne."

"Iyayen mutane za su cika wurin nan ranar Asabar. Ni ba na son a yi mata tafin tausayi. Na gaji da shi wallahi! Tun tana ƙarama, ko ina muka shiga, 'Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya.' So nake ranar a tafa mata don ta fi kowa, a ce ƙanwar wane ce wannan."

Idonsa ya kaɗa. Ku masu zaginsa, kun ji dai. Yaron nan shi ya sha dambe a unguwa saboda Auta, har haƙorinsa na gaba yana da gutsure.

Malama ta zauna. "Ka tambaye ta?"

"Me?"

"Kafin ka ɗauka. Ka tambaye ta?"

"In na tambaya ma ai ba amsawa za ta yi ba."

"Tana amsawa. Mu a cibiya ko kwafin aikinta ba mu da shi. Mun tambaye ta mu ajiye, ta ce a'a, muka bar ta. Shekara biyu tana zane, duk yana cikin allon nan kaɗai."

Kafin Yaya ya sami ta cewa aka turo ƙofar gida.

Baba ne ya dawo daga aiki, jakar kayan gyaran wutarsa a kafaɗa. Ganin baƙon takalmi a bakin ƙofa ya sa ya wuce falo kai tsaye, ko manyan takalmansa na aiki bai cire ba, abin da Mama ba ta lamunta a kan dardumarta. Yau dai ta haɗiye.

"Sannu da zuwa Baban Auta. Malama ce ta zo duba ta."

"Na gani."

Malama ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa a daƙile, ya dire jakar, ƙarafunan ciki suka yi kacau.

"Malama, gara da kika zo, kin hutar da ni zuwa. Ba na raina ƙoƙarinku, Allah ya biya ku. Amma Auta ta gama zuwa cibiya."

"Baban Auta!" in ji Mama.

"Ki bar ni in gama. Kafin allon nan ya shigo gidan nan, ko ba komai ina ganin 'yata. In na dawo ina tarar da ita a falo tana jera cokula. Ba ta kula ni, amma ina ganinta. Yanzu fa? Ɗaki, allo, abin toshe kunne. Aka ce min zai buɗe ta. Ina buɗewar? Ni dai nisa aka ƙara min da ita."

"Baba, in ka ba ni dama..."

"Ga shi yanzu an taɓa abin, yarinya ta daina cin abinci. Abin da zai hana ɗa cin abinci ai ba magani ba ne!"

Mama ta matso. "Don Allah ka rage murya, tana ji."

Ai kamar ta zuga shi.

"Ta ji! Gidana ne! A goge duk abin da ke ciki, a mayar musu da kayansu yadda suka ba mu! Na gama magana!"

Daga can cikin gida ba a ji ko motsi ba.

Ni dai ba zan zagi Baba ba. Mutumin nan ya sayar da babur ɗinsa lokacin da ake yawon asibiti da Auta, har yau da ƙafa da motar haya yake zuwa aiki. Baƙin ciki ne ya yi masa yawa, kuma bai iya faɗinsa ba sai da faɗa.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta juya wajen Yaya.

"Me ka cire daga fim ɗin?"

"Na faɗa miki, dattin sauti da..."

"Daga ƙarshe. Me ka yanke?"

Baba ya yi tsaki. "Malama, wannan kuma me zai ƙara?"

"Ka yi haƙuri Baba. Ni na ga fim ɗin yadda ta yi shi, amma ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ƙarshensa ba sai ranar Asabar. Ba zan karya ba. Shi kuma bai yi wa kowa alkawari ba, kuma ya gani. Ya faɗa."

Yaya ya ɗaga kafaɗa. "Ba komai ba ne fa. Ƙofa ce."

"Wace ƙofa?" in ji Mama.

"Ta ɗakinta, daga ciki. A rufe. Hoton ya tsaya cak, ba abin da ke motsi. Na zaci ma allon ne ya maƙale. Ina jira, ina jira, shiru. Mu a wajen aiki oga ya hana hoto ya daɗe, ya ce da zarar hoto ya tsaya mai kallo zai ɗauki waya. Wannan kuwa har na je na sha ruwa na dawo ƙofar na nan."

"Ba komai a jikinta?" Malama ta tambaya.

"Sai haske ta ƙarƙashi. Da wasu baƙaƙen abubuwa guda biyu da suka tare hasken."

"Sautin fa?"

"Shi ne dattin da nake faɗa. Wani ƙiiƙ, ƙiiƙ, sama-sama. Sai kamar mutum ya saki numfashi ta hanci. Na sa na'ura ta wanke shi tas."

"Daga nan?"

"Daga nan baƙaƙen abubuwan suka ɓace. Can da daɗewa sai ga hannu ya kama mariƙin ƙofa ya buɗe. Ba kowa a waje, sai siminti. Shi ke nan fim ya ƙare. Yanzu fisabilillahi Malama, wa zai rufe fim da siminti?"



Baba na tsaye inda yake. Ya sauya nauyinsa daga ƙafar dama zuwa ta hagu.

Ƙiiƙ.

Yaya ya kalli ƙasa. Tsohon takalmin aikin Baba, na hagu, wanda dunduniyarsa ta ɗaga tun bara ya ƙi kai wa mai gyara.

"Innalillahi," Yaya ya faɗa a hankali. "Baba... kai ne?"

Baba ya kawar da kai.

Mama ce ta amsa masa, hawaye na zuba ba ta ko share su. "Shi ne. Kullum in ya dawo, kafin ya cire takalmi, sai ya tsaya a ƙofarta. Ina hango shi daga kicin. Ya tsaya, ya tsaya, ya juya ya tafi. Ban taɓa yi masa maganar ba, na ga ba ya son a sani."

"To me ya sa ba ka shiga, Baba?" in ji Yaya.

Baba ya nemi kujera ya zauna, kamar an zare masa laka.

"Kai kana makaranta lokacin. Tana ƙarama, na yi tafiyar aiki na daɗe. Ina dawowa na sure ta na rungume, da murnata. Yarinyar nan ta yi ihun da ban taɓa ji ba, ta yi ta yi har ta yi amai, ta shige ƙarƙashin gado ta wuni. Ni ubanta." Ya shafa fuska. "Tun ranar na ce ba zan ƙara tsorata ta ba. Ina tsayawa ne kawai in ji motsinta. Ban san ta san ina wurin ba."

"Ta sani," in ji Malama.

"To in ta sani, ai ba ta so. Da tana so da ta buɗe."

Malama ta gyara zama.

"Baba, yanzu ba maganar fim zan yi ba, maganar ɗalibata zan yi. A cibiya abu na farko da muke koya wa sabon malami shi ne, in ka kira yaro ko ka tambaye shi, ka kama bakinka ka jira. Kar ka maimaita. In ka maimaita ka mayar da shi farko."

"Jira har yaushe?"

"Kowane yaro da nasa. Auta in tana zane aka kira ta, ba ta iya tashi haka nan. Sai ta ƙarasa layin da take ja. Ta sa alƙalamin a gidansa. Ta cire abin kunnen ta sa a jaka ta zuge. Ta tura kujera ƙarƙashin tebur. Ta sa silifas, hagu tukuna sannan dama. In ta tsallake ɗaya jikinta ba ya yarda, sai ta koma ta sake. Ba taurin kai ba ne, haka take."

Ta kalli Yaya, ba da faɗa ba.

"Shirun da ka je ka sha ruwa ka dawo yana nan, tsawon tafiyarta ne daga tebur zuwa ƙofa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba."

Wayyo Allah. Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na numfasa.

Baba ya buɗe baki ya rufe. Da kyar maganar ta fito.

"Kina nufin... tana buɗewa?"

Malama ta kalli hanyar ɗakin Auta.

"Kullum? Tana zuwa ta buɗe, ni kuma na tafi?"

"Wannan ita za ka tambaya."

Mama ta dafe ƙirji. "Ni kuwa ina jin ƙofar! Bayan ya shige wanka sai in ji ƙyas an buɗe, an rufe. Na ɗauka iska take sha. La ilaha illallahu, shekara nawa!"

Yaya ya sulale daga hannun kujera ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ba ta da bakin da za ta ce Baba ka ƙara jira," ya ce cikin kuka. "Ta yi wata da watanni tana zana shi, don ranar Asabar ya zauna ya gani. Ni kuma na sa almakashi."

"Tashi," in ji Mama. "Kuka ba zai yi ba. Ina na asalin? A mayar mata da abinta."

Ya girgiza kai. "Sabon na ɗora a kan tsohon, Mama. Suna ɗaya na ba su. Ya tafi."

Baba ya miƙe.

Bai kalli kowa ba. Ya fita daga falon, ya bi siririn lungun da ya kai ɗakin Auta, takalmin hagu na kuka a kowane taku. Su ukun suka biyo shi suka tsaya daga nesa. Mama za ta yi magana Malama ta kama hannunta.

Ya tsaya a bakin ƙofar. Bai ƙwanƙwasa ba.

Shiru.

Firji na gurnani a kicin. A waje wani na ta kiran ɗansa ya dawo da guga. Famfon da Mama ba ta rufe da kyau ba yana ɗiga cikin kwano.

Jama'a, jira da wuya. Ku gwada tsayawa gaban rufaffiyar ƙofa ba ku san ko ana son ku a ciki ba. Ba a jima ba kafaɗar Baba ta sauka, ya saki numfashin nan ta hanci, ƙafarsa ta dama ta fara juyawa da kanta, don ta saba.

Ya waiwayo. Mama ta girgiza masa kai da ƙarfi, ta haɗa tafin hannu biyu tana roƙo.

Ya mayar da ƙafar.

Wayarsa ta fara rawa a aljihu. Ya danne ta ta saman wando har ta gaji ta yi shiru. Gumi na bin wuyansa. Mutumin da yake hawa saman sandar wuta ba ya ko ɗar, ga shi yau ƙofar katako na neman fin ƙarfinsa.

Can sai aka ji zuuu. Zif ɗin jaka.

Kujera ta gogi ƙasa.

Silifas. Ɗaya. Sai ɗayan.

Mama ta cusa mayafi a baki.

Mariƙin ƙofar ya sunkuya a hankali. Ƙyas.

Auta na tsaye, rigarta ta kwana a jikinta, gashinta a hargitse, ta rame har wuyanta ya fito. Hannunta ɗaya na bayanta. Ba ta ɗaga kai ba. Idonta na kan takalman, ta kalli na dama, ta kalli na hagu, ta daɗe a kan na hagun. Yatsunta suka fara kaɗawa a gefen cinyarta, yadda take yi in abu ya yi mata daɗi.

"Ka jira," ta ce.

Baba ya gyaɗa kai. Sai ya tuna ba fuskarsa take kallo ba.

"Na jira, Auta."

Hannuwansa suka taso za su kamo ta, ya mayar da su baya ya sarƙe. Hawaye na sauka cikin gemunsa, bai yarda ko shessheƙa ta fito ba don kar ta firgita.

"Gobe ma," in ji ta.

"Gobe ma. Jibi ma. Kullum, in Allah ya yarda."

Ta fito da hannun da ke bayanta. Allon ne, da wayar cajinsa a naɗe tsaf, da alƙalamin a gidansa. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"A'a, a'a," Baba ya ce da sauri. "Riƙe abinki. Na janye maganata, faɗa ne kawai na yi. Za ki ci gaba da zuwa cibiya, ni da kaina zan riƙa raka ki."

Ba ta janye hannun ba.

"Ka ce a goge."

"Na ce, amma ai..."

"Na goge."

Malama ta yi taku biyu ta tsaya. "Auta, in karɓa in duba?"

Suka jira. Wannan karon ba wanda ya yi gaggawa.

"Eh."

Malama ta karɓa ta danna. Allon ya kawo haske fari fat, da 'yar gaisuwar nan da sabuwar na'ura ke yi wa wanda ya fara kunna ta. Ta shafa nan, ta shafa can. Babu silifas ɗin Mama, babu kambas ɗin Yaya, babu kyanwar da Auta ta fara zanawa ranar da ta shiga cibiya. Aikin shekara biyu.

Auta ba ta san faɗan baki ba. Abin da aka faɗa shi aka faɗa. Babanta ya ce a goge a mayar yadda aka ba su, ta zauna ta yi masa biyayya tsaf, lokacin da suke falo suna ta magana a kanta.

"Yanzu babu abin gyarawa," ta ce, muryarta a kwance.

Baba ya dafa bango.

Yaya ya yi wani irin sauti kamar an naushe shi a ciki. Malama ta juyo da sauri ta kama hannun rigarsa, ta ja shi gefe tana magana ƙasa-ƙasa.

"Nutsu ka ba ni amsa. A kan allon ka yi aikin?"

"A'a, a kwamfutar shago."

"Ta yaya fim ɗin ya je can?"

"Kwafa na yi. Ban san wanne ne fim ɗin ba, sai na kwashe jakar ajiyar da ke allon gaba ɗa..." Ya tsaya, idonsa ya fito. "Gaba ɗaya. Duk zanenta. Da na asalin."

"Yana ina?"

"Da na gama na jefa a kwandon sharar kwamfutar. Oga ba ya son a cika masa wuri."

"An zubar da kwandon?"

"Oga ne ke zubarwa da kansa, in zai rufe shago a jajibirin aikin biki, don a sami wurin sabon bidiyo."

"Yaushe kuke da biki?"



"Gobe."

Ya zaro waya ya kira oga. Tana ta ringi ba a ɗauka. Ya sake kira. A kashe.

Ta tagar lungun ana hango wani mai shago a tsallaken titi yana jawo ƙofar ƙarfensa ƙasa, lokacin rufe shaguna ya yi.

Yaya ya zabura. Ya ture labule, ya banke ƙofar gida, sai ƙarar gudunsa a kan titi.

Auta ta leƙa ta gefen Baba, ta kalli bakin ƙofar da ya bari a hangame, inda farin kambas ke ajiye kusa da takalmin Malama.

"Yaya ya fita ba takalmi," ta ce.